Yadda Za Ka Sauko da Giya Lokacin Rage Gudu Ba Tare da Mota Ta Fizga Ba

Hawan giya ba ya ba mai koyon tuƙi wahala. Daga ta ɗaya zuwa ta biyu, daga ta biyu zuwa ta uku, kafin mako ya zagayo hannu da ƙafa sun saba. A wajen saukowa ne ake bambance wanda ya iya mota mai kuloci da wanda yake jan ta kawai. Sai ka ga mutum ya shekara biyar a kan sitiyari, amma duk sa'ad da ya dawo daga giya ta huɗu zuwa ta biyu, motar ta duƙa da goshi, inji ya yi kururuwa, na zaune a gefensa ya dafe gaban mota. Da yawa sun ɗauka halin mota ke nan. Ba halinta ba ne. Sanadin fizgar ɗaya ne, kuma wanda ya gane shi ya ci rabin karatun.

Me ke sa mota ta fizga?

Kowace giya tana da adadin juyin da inji zai yi kafin ƙarfen da ke fita daga giyabos ya juya sau ɗaya. A yawancin ƙananan motoci masu giya biyar, ta ɗaya tana neman kusan juyi 3.5, ta biyu kusan 2, ta uku kusan 1.4, ta huɗu kusan 1, ta biyar kusan 0.8. Kowace mota da nata lissafin, amma ba su cika yin nisa da wannan ba.

Mu ɗauki motar da ke gudun kilomita 60 a awa a giya ta huɗu, allurar agogon juyin inji tana kan 2, wato juyi 2,000 a minti. A wannan gudun dai, da a ta uku take, dole inji ya yi juyi 2,800. A ta biyu 4,000. A ta ɗaya 7,000, wanda ya haura jan layin da ke nuna iyakar juyin inji a agogon yawancin motoci. Direba ba shi da ta cewa a nan. Muddin kuloci ya kama, inji da taya a ɗaure suke da juna, gudun taya ne ke yanke wa inji juyin da zai yi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ka ɗaga ƙafa daga totur ka taka kuloci, inji ya rabu da taya, ya fara gangarowa silo, wato juyin da yake yi idan ba a taka totur ba, wajen juyi 800. Ka sa ta uku ka saki kuloci. Inji yana 1,000, giya tana neman 2,800. Dole wani abu ya cike wannan giɓin, kuma faifan kuloci ne ke cike shi, yana gogar babban faifan ƙarfen da ke manne da inji har sai ya ja injin sama da ƙarfin tsiya. Ƙarfin da aka ja shi da shi daga tayoyi aka ciro, shi ya sa motar ke duƙawa kamar an taka birki ba shiri. Ka saki kulocin da sauri, ta fizga. Ka ja lokaci wajen sakinsa, fizgar ta ɓuya amma faifan yana ta gogewa yana ɗaukar zafi.

Hanya biyu ce ta rage giɓin. Ko dai ka rage gudun motar har giyar da kake nema ta daina buƙatar juyi mai yawa, ko ka ɗaga juyin inji ya je ya tarye ta. Duk abin da zan faɗa daga nan, ɗayan biyun nan ne ko haɗinsu.

Birki ne ke rage gudu, giya tana biye da shi

Yawancinmu an koya mana cewa idan za ka tsaya, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya: biyar, huɗu, uku, biyu, kana barin inji yana riƙe motar a kowane mataki. Ban ga laifin tsofaffin direbobin da suka koyar da haka ba. Motocin da suka tashi da su birki mai ganga ne da su a tayoyi huɗu, irin wanda ba ya jure zafi, don haka taimaka masa da inji wajibi ne. Amma zamani ya juya. Motar Jaguar ta ci tseren motoci na Le Mans a Faransa a 1953 da birki mai faifai, Citroën ta sa shi a motarta DS a 1955, yau kuwa da wuya ka ga ƙaramar motar da ba shi ne a tayoyinta na gaba ba. A kan hanya shimfiɗaɗɗiya, birkin zamani ba ya neman agaji don ya tsayar da mota.

Akwai dalilan da suka sa na tsaya a kan birki ya fara. Birki yana kama tayoyi huɗu, inji kuwa biyun da yake juyawa kaɗai yake riƙewa a mafi yawan motoci. Birki yana kunna jar fitilar baya, saukowa da giya ba ya kunna komai, wanda ke bayanka sai dai ya ga ka matso gabansa ba sanarwa. Takalmin birki an yi shi ne don ya goge a canza shi cikin ɗan lokaci, alhali canza kuloci sai an sauke giyabos gaba ɗaya. Sannan duk canjin giya yana ɗauke hannunka ɗaya daga sitiyari a daidai lokacin da kake tunkarar wurin da ya sa ka rage gudu. Tsarin da ake koya wa direbobin 'yan sanda a Birtaniya ya jera abin haka: ka lura da hanya, ka gyara matsayin mota, ka daidaita gudu, sannan ka zaɓi giya, sannan ka ba ta wuta. Gudu ya riga giya a jerin, kuma ba a banza aka sa shi haka ba.

Kada wannan ya sa ka ɗauka riƙon inji laifi ne. Ɗaga ƙafa daga totur ka bar mota a cikin giyarta shi ne mafi kyawun fara rage gudu. Motocin da kwamfuta ke sarrafa fesa musu mai suna yanke man gaba ɗaya a wannan hali, taya ce ke juya inji. Wanda ya jefa mota firi don ya adana mai asara yake yi, domin a firi sai an ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu. Abin da nake hana ka shi ne mayar da faifan kuloci birki.

Matakan, daga kilomita 60 zuwa shiga kwana

A ce kana giya ta huɗu a gudun 60, can gaba akwai hanyar da za ka karya ka shiga a gudun 25.

Na farko, dubi madubi. Ka san wanda ke bayanka da tazarar da ke tsakaninku kafin ƙafarka ta motsa. Ka sa sigina da wuri.

Na biyu, ɗaga ƙafar dama daga totur ka bar motar a ta huɗu. Ƙafar hagu ta zauna a wurin hutunta. Wannan ne matakin da masu koyo suka fi ɓatawa: da zarar sun yi niyyar rage gudu sai su danne kuloci tun daga nesa, motar ta saki jiki ta tafi sululu, babu abin da ke riƙe da ita sai birki. Mota tana cikin giya amma kuloci a ƙasa, daidai take da wadda ke firi.

Na uku, taka birki. Ka fara da taushi don fitilar baya ta kama, nauyin mota ya zauna a tayoyin gaba, sannan ka ƙara ƙarfi a tsakiya, ka sassauta sa'ad da gudun ya kusa inda kake so. Mafi yawan rage gudun a nan za a yi shi, motar tana miƙe, hannayenka biyu a sitiyari.

Na huɗu, saurari inji. Yayin da gudu ke raguwa allura tana sauka. A motar misalinmu, a gudun 30 ta huɗu tana juyi 1,000 ne kacal. Idan ka bari ta wuce nan za ka ji motar ta fara karkarwa, sandar giya tana rawa, alamar inji na shirin mutuwa. Kafin a kai ga haka, wajen juyi 1,200 zuwa 1,000, taka kuloci har ƙasa. Har ƙasa na ce, ba rabi ba, domin rabin taku ne ke sa giya ƙara.

Na biyar, zaɓi giyar da ta dace da gudun da kake kai yanzu, ba wadda ke bin ta huɗu a jeri ba. A gudun 25 ta biyu ce. Ka zarce can kai tsaye. A ƙaramar mota mai fetur, a ƙiyasce, daga tafiyar ƙafa zuwa kilomita 30 ta biyu ce, daga 30 zuwa 50 ta uku, sama da haka ta huɗu. Littafin da ya zo da motarka zai ba ka nata adadin, kunnenka kuma zai koya maka saura. Wajen tura sandar, kada ka yi mata dambe. Ka fito da ita tsakiya, ka jingina ta hagu, ka ja ta baya da matsakaicin ƙarfi, ka ba ta rabin daƙiƙa. Za ka ji ta ɗan tirje sannan ta faɗa da kanta. Wannan tirjiyar zoben daidaita gudu ne ke aikinsa a cikin giyabos, wanda makanikai ke kira sinkuro, yana kawo haƙoran giyar gudu ɗaya kafin su haɗu. Cadillac ce ta fara sa shi a motocinta a 1928, kafin nan canjin giya sana'a ce ta masu kunne.

Na shida, saki kuloci a matakai biyu. Ɗago shi zuwa inda yake fara kamawa, ka dakata nan kamar numfashi ɗaya har allura ta hau ta zauna, sannan ka sake shi duka. Da yake ka riga ka rage gudu, ta biyu a 25 ba ta neman fiye da juyi 1,700, giɓin ƙarami ne, kuloci zai haɗiye shi ba tare da wahala ba.

Na bakwai, mayar da ƙafar hagu wurin hutunta, hannu ya koma sitiyari, sannan ka karya. Duk matakai shidan nan a gama su kafin kwanar, ba a cikinta ba. Shiga kwana da kuloci a ƙasa yana sa mota ta yi sakwa-sakwa, sakinsa a tsakiyar kwana kuma yana iya girgiza riƙon taya a lokacin da ka fi buƙatarsa. Ka shiga da giya a kame da ɗan totur kaɗan mai riƙe gudun, idan sitiyari ya fara miƙewa ka ƙara wuta.

Tsallake giya, daga huɗu zuwa biyu ko daga biyar zuwa uku, ba ya cutar da giyabos muddin gudun ya sauko inda giyar za ta karɓa. Sharaɗin ke nan, babu wani.

Idan tsayawa cak za ka yi

Nan abin ya fi sauƙi. Ga jar danja ko layin motoci a tsaye: ka ɗaga ƙafa, ka taka birki, ka bar motar a giyar da take har allura ta kusa 1,000, ka taka kuloci, ka ƙarasa tsayawa. Idan daga ta biyar ko ta shida ka taso, inji zai kai silo tun motar tana da sauran gudu, to a nan ya kyautu ka sauko ta uku sau ɗaya a hanya don kada ka yi doguwar tafiya da kuloci a ƙasa. Bayan ka tsaya, in jiran zai ɗan ja, sa firi, ja birkin hannu, ka ɗaga ƙafa daga kuloci. Danne shi minti biyu a kowace danja yana cinye boris ɗin da ke tura shi.

Idan danja ta saki hanya kana cikin gangarawa a hankali, sa ta biyu ka wuce. Giya ta ɗaya ta tashi ce daga tsaye, ko tafiyar da ba ta wuce ta mai tafiya a ƙafa ba, kamar hawan tudu mai tsini a cunkoso. Za ka lura motoci da yawa suna ƙin karɓar ta ɗaya idan suna tafiya. Kada ka tilasta. Ka ƙara rage gudu, za ta shiga da kanta.

Ba inji wuta kafin sakin kuloci

Ba kullum ake saukowa da giya a ƙaramin gudu ba. Za ka so ta uku a gudun 60 don shan gaban babbar mota, ko don tunkarar hawa, ko kafin gangare. A nan ba za ka rage gudu ba, don haka giɓin sai an cike shi ta ɗaya hanyar. Wannan dabarar ce, a ganina, ta fi kowace canza yadda mutum ke tuƙi, kuma na yi mamakin yadda makarantun tuƙi da yawa ba sa ko ambatonta.

Ga yadda take. Kana ta huɗu a 60, allura a 2,000, ka san ta uku za ta nemi 2,800. Ka taka kuloci. Yayin da hannunka ke kai sandar ta uku, ƙafar dama ta ɗan doki totur, taɓawa ɗaya gajeriya mai kaifi, allura ta yi tsalle zuwa wajen 3,000. Kafin ta faɗo, ka saki kuloci. Idan ka dace, ba za ka ji komai ba sai muryar inji da ta canza. Motar ba ta duƙa ba, ba ta zabura ba.

Ka nemi miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, ka yi ta maimaita canji ɗaya tak, huɗu zuwa uku, a gudu ɗaya. Kada ka fara da uku zuwa biyu, giɓinsu ya fi faɗi. Da farko ka yi tafiya a ta uku a gudun 60 ka ga inda allura take zama a taka motar, wannan lambar ce abin harinka. Sai ka koma ta huɗu ka gwada. Motar da kanta za ta ba ka maki. In ta duƙa gaba sa'ad da ka saki kuloci, wutar ta yi kaɗan, ko ka makara har juyin ya faɗi. In ta zabura ta tura ka jikin kujera, wutar ta yi yawa. Masu koyo sun fi yin kuskuren farko, suna jin tsoron ƙarar inji sai su shafa totur maimakon su doke shi. Inji da ba ya ɗauke da nauyi ba abin da juyi 3,000 zai yi masa. Kuma ba sai ka dace cif-cif ba. Ko ka kuskure da juyi 200 ko 300, ka rage wa kuloci mafi yawan aikinsa.

Akwai wata hanyar da ta fi sauƙi ga wasu: maimakon dukan totur, ka bar ƙafar dama a inda take da ɗan nauyinta, kada ka ɗaga ta gaba ɗaya yayin da kake taka kuloci. Da inji ya rabu da nauyin mota sai juyinsa ya hau da kansa, ka sa giya ka saki. Ta fi taushi, kuma ta fi dacewa da motar dizal da injinta ba ya saurin tashi.

Bayan mako biyu ko uku ka daina kallon allura, ka koma wa kunne. Wasu sababbin motoci suna yi wa direba wannan aikin da kansu, Nissan ta fara shi a motarta 370Z ta 2009, wasu kamfanoni suka biyo baya. In taka ba ta yi, ƙafarka za ta iya.

Dogon gangare

A nan ne dokar da na kafa a sama take juyawa, kuma a nan ne rai yake. Birki ba ya ɓatar da gudu, mayar da shi zafi yake yi. Mota mai nauyin kilo 1,200 da ta sauko daga tsaunin da tsayinsa ya kai mita 500 tana da ƙarfin da, in aka mayar da shi zafi, zai kai kusan lita 17 ta ruwa ga tafasa. Iska da gogar taya suna ɗauke wani kaso, amma in ka bar saura ga birki shi kaɗai, duk a 'yan faya-fayan ƙarfen nan zai taru. Takalmin birki idan ya yi zafi fiye da kima sai ya daina kamawa, kana takawa motar tana tafiya. Man birki ma yana tafasa. Ƙa'idar nau'in DOT 3 ita ce sabo ya jure digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma wanda ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a 140. Idan ya tafasa, tururi ya shiga bututu, sai ka taka birki ya tafi ƙasa kamar soso.

Na taɓa jin farkon wannan da ƙafata, a wani dogon gangare da mota cike da kaya, ina ta biyar ƙafata a kan birki tun daga sama. Wari ne ya fara zuwa, sannan birkin ya yi nauyi ya ƙi ci. Na samu wurin da na raɓe na tsaya, amma ban manta yadda cikina ya ɗuri ruwa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana saman, kafin motar ta ɗauki gudu, ka rage da birki ka sa giyar da za ta riƙe ta. Tsohuwar ƙa'idar direbobin manyan motoci tana nan daram: giyar da za ka hau tudun da ita, da ita za ka sauka. A ƙaramar mota yawanci ta uku ce, in gangaren ya yi tsini ko yana da kwanoni ta biyu. Inji zai yi ƙara, allura ta zauna a 3,000 ko 3,500, kada hakan ya dame ka. Ba mai yake sha ba, kuma yana nesa da jan layi. Idan duk da haka gudu yana ƙaruwa, taka birki da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi ka zubar da kilomita 10 ko 15, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska. In ka ga kana yawan komawa birkin, giyar ta yi sama, ka rage gudu sosai ka sauko da ɗaya. Firi a gangare kuwa, ko kashe inji, kada ka kusance su. Kashe inji yana ɗauke maka abin da ke sauƙaƙa birki da sitiyari.

Mai motar dizal ya sani cewa injinsa bai kai na fetur riƙe mota ba. A injin fetur, idan ka ɗaga ƙafa ƙofar iska tana rufewa, fistin yana ta ja a kan rufaffiyar ƙofa, wannan ne ke riƙe motar. Dizal a asalinsa ba shi da wannan ƙofar, shi ya sa ake ƙara wa manyan motoci birkin salansa ko birkin inji na musamman. Don haka a ƙaramar dizal ka sauko da wuri, ka kuma tuna jan layinta yana kusa, wajen 4,500 zuwa 5,000.

Kuskuren da ke fasa inji

Kwamfutar mota tana hana inji wuce jan layi idan totur ka danne, ta hanyar yanke mai. Amma ba ta da iko a kan taya. A motar misalinmu, kana gudun 120 a ta biyar, ka nufi ta huɗu hannunka ya kauce ya faɗa ta biyu, ka saki kuloci: taya za ta tilasta wa inji juyi 8,000. Bawul ba sa iya rufewa da wannan saurin, fistin ya same su a hanya, cikin daƙiƙa ɗaya inji ya tashi aiki.

Rigakafinsa yana tafin hannunka. Sandar giya tana da sifirin da ke mayar da ita tsakiya, daidai layin ta uku da ta huɗu. Daga ta biyar, ka fito da ita a hankali, ka bar ta ta koma tsakiyar da kanta, sannan ka ja ta baya a miƙe ba tare da jingina ta gefe ba. Idan ka ji sandar tana tirjewa fiye da yadda ta saba, tana gaya maka ba nan ba ne. Idan kuma ka fara ɗago kuloci ka ji inji ya tashi da kururuwar da ba ka zata ba, maza ka mayar da shi ƙasa kafin ya gama kamawa.

A kan hanya mai santsi, ruwan sama ko laka ko ƙanƙara, ko ƙaramar fizga tana iya sa tayoyin da inji ke juyawa su zame. A motar da ke ja da tayoyin baya, ƙugunta ne zai juya. ABS, wato tsarin da ke hana birki kulle taya, yana sassauta birki ne idan taya ta kulle, ba ya cire riƙon inji. Don haka a santsi ka sauko da giya a ƙaramin gudu, motar tana miƙe, ka saki kuloci a hankali fiye da kullum.

Dabaru biyu da za ka ji ana ambata

Taka kuloci sau biyu ya samo asali ne daga zamanin da giyabos ba shi da sinkuro, kuma har yanzu ana yin sa a wasu manyan motoci. Ka taka kuloci ka fito firi, ka saki kuloci, ka ba da wuta, ka sake takawa, ka sa giyar ƙasa, ka saki. Wutar da ka bayar a firi da kuloci a sake tana juya haƙoran cikin giyabos su ma, ba inji kaɗai ba. A motar zamani mai lafiya ba dole ba ne, amma yana ceton wanda sinkuron motarsa ya gaji.

Ɗayar ta masu tsere ce: yatsun ƙafar dama suna kan birki, gefen ƙafar ko dunduniya yana dukan totur, hagu tana kan kuloci, duk a lokaci guda. Tana da kyau a filin tsere inda ake taka birki da ƙarfi ana saukowa tare. A titi ban ga buƙatarta ba, domin wanda ya fara rage gudu da wuri yana da lokacin gama birki sannan ya canza giya, kuma mai koyonta yakan saki birki ba da saninsa ba a daidai lokacin da yake neman totur.

Idan abu ya zo ba shiri

Yaro ya faɗo titi, ko na gabanka ya tsaya cak: manta da giya. Danne birki iya ƙarfinka, ka taka kuloci don kada inji ya mutu, hannu biyu a sitiyari. In motar tana da ABS za ka ji birkin yana bugun tafin ƙafarka, kada ka ɗaga. Bayan ka tsaya ka nemi giya.

In kuwa birkin ne ya ƙi, ka yi ta famfa shi da sauri ko zai dawo, ka kunna fitilun gargaɗi, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, kana barin kowace ta zubar da nata gudun kafin ka nemi ta ƙasa da ita. A nan kam kada ka tsallake, domin fizga mai ƙarfi za ta iya kulle taya. Idan gudun ya ragu, ka ja birkin hannu sannu-sannu, babban yatsanka a kan maɓallinsa don ka iya sassautawa in tayoyin baya suka fara ja.

Wani lokaci kuma za ka bi duk matakan nan daidai amma giya ta ci gaba da ƙara. In giya ɗaya ce kaɗai ke yin haka, galibi ta biyu, kuma taka kuloci sau biyu yana kawar da ƙarar, to sinkuron wannan giyar ne ya goge. In dukkansu ne ke wuyar shiga, musamman ta ɗaya da ribas a tsaye, kuloci ne ba ya gama rabuwa da inji, sai a duba mansa ko wayarsa. In kuma kana ba ta wuta a giya ta huɗu allura tana hawa amma gudu ba ya ƙaruwa, faifan kuloci ya ƙare, ka kai ta wurin makanike kafin ya cinye faifan inji tare da shi.